Wasiƙa Zuwa ga Bello: Gabatar da Sana'a Cikin Minti Ɗaya

Birnin Kebbi,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga aminina Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma ina fatan zaman Legas yana yi maka daɗi. Bayanin da ka aiko mini game da rumbun adana albasa da kake son ƙara ginawa a Aliero ya iso, na karanta shi a tsanake, kuma na gamsu cewa dabarar tana da ma'ana. Sai dai abin da ka rubuta na wanda ya riga ya zauna domin sauraronka ne, alhali mutanen da za ka tarar a taron masu zuba jari a tsaye za su saurare ka, wataƙila ma suna duba agogo.

Turawa suna auna irin wannan jawabi da tsawon hawan lifta, wato daƙiƙa 30 zuwa 60. A cikin wannan ɗan lokaci babu mai hankalin da zai ciro kuɗi ya miƙa maka, saboda haka kada ka ɗora wa jawabin nauyin da ba nasa ba. Aikinsa kawai shi ne ya sa mutumin ya ce, "Zo ofis mu zauna." Duk maganar da ba za ta kai ka ga wannan zama ba, ka ajiye ta sai ranar.

Na ga ka buɗe bayaninka da tarihin karatunka da kuma albarkar noma da Allah ya yi wa jiharmu. Duka biyun gaskiya ne, amma masu kuɗi sun daɗe da jin na biyun. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a nan Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma fito da shinkafar Lake ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas a 2016, babu wanda bai san sunanmu ba a harkar noma. Sun kuma ji labarin yadda biyan wancan bashi ya yi wuya, don haka da ka ambaci noma za su fara tunanin yadda kuɗinsu zai dawo.

Ka fara da asarar. Ka san yadda abin yake: a rani ana cire albasa kusan lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, manomin da ke bukatar kuɗi ya sayar a wulaƙance. Wanda ya daure ya zuba tasa a rudu kuwa, wato ma'ajiyar gargajiya da ake rufewa da ciyawa, idan damina ta kankama ya ɗaga ciyawar, sai wari ya tarbe shi, ya tarar wata ta yi tsiro, wata ta narke ta jiƙa na kusa da ita, a zauna ana tsince mai kyau ana zubar da sauran. Wannan hoton ne ya kamata ya fara shiga kunnen mai sauraro, domin duk wanda ya ji shi zai tambayi kansa mafita tun kafin ka faɗa.

Da ni ne, bayan sallama zan ce: "Manoman Aliero suna sayar da albasa da araha a rani domin idan sun ajiye ruɓewa take yi. Na gina rumbu mai shan iska wanda yake riƙe ta har farashi ya tashi, manomi ya biya ni kuɗin ajiya a kan kowane buhu. Na gwada shi, ga sakamakon. Ina neman abokin jari domin in gina na biyu." Inda na ce ga sakamakon, nan za ka sa adadi ɗaya tak, wato buhu nawa ka zuba, nawa suka fito lafiya, kuma ya zama adadin da za ka iya karewa ko an tashe ka daga barci. Idan kana da hoton rumbun a waya, ka nuna, tunda gani ya kori ji. Kada kuma ka ce ba ka da abokin gasa, domin rudu ma abokin gasa ne, haka dillalan da ke saye su ɓoye.

Abin da ya fi damuna shi ne ban ga inda ka faɗi abin da kake nema ba. Na san kunya ce irin tamu, mutum ya yi ta kewaye yana jiran a fahimta. Amma dubi ɗan kamasho a tasha: ya faɗi gari, ya faɗi kuɗin mota, ya ce saura mutum ɗaya, kai kuma ka yanke shawara nan take. Ka faɗi nawa kake nema da kuma sigar kuɗin. Bankin Masana'antu bashi yake bayarwa, zai so jin yadda za ka biya. Attajirin da ke gudun kuɗin ruwa zai so jin yadda za a raba riba da asara, irin tsarin da bankin Jaiz yake aiki da shi tun 2012. Gidauniyar Tony Elumelu kuwa, wadda take ba da jarin dala 5,000 ga waɗanda ta zaɓa tun 2015, za ta tambayi mutum nawa za su samu aiki. Ƙashin bayan jawabin ɗaya ne, jimlar ƙarshe ce take sauyawa.

Game da gaisuwa, kada ka yanke ta idan dattijo ne a gabanka, sai dai ka bar shi ya ja ta, kai kuma ka shiga magana da zarar ya ce madalla. Ka maimaita jawabin da Hausa da Turanci har ya zauna a bakinka, ba tare da ya koma hadda ba, domin za a katse ka da tambaya. Ka fara gwada shi a kan 'yan albasa na kasuwar Mile 12 da ke can Legas, waɗanda ba za su ji nauyin gaya maka inda lissafinka ya karkace ba.

Idan ka gyara, ka turo mini shi da muryarka ta WhatsApp in auna da agogo. Ka gaishe da mai ɗakinka da yara. Su Baba suna gaishe ka.

Naka,
Aminu