Zuwa ga Bala a Ingila, kan maganar arzikin mutane

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyi ya karatu? Inna na gaishe ka sosai. Saƙonka na ranar nan ya tsaya min a rai wallahi, inda ka ce shekara biyu kana gidan nan ba ka san sunan maƙwabcinka ba, amma kamfani ya ba ka waya bashi ba wanda ya tsaya maka, tarihin biyan kuɗinka kawai suka duba a kwamfuta. Kuma wai a aji ana koya muku jarin zumunci, har da binciken Robert Putnam na 1993 da ya nuna a Italiya gwamnatocin yankunan arewa sun fi na kudu aiki saboda mutanensu sun fi shiga ƙungiyoyi da yarda da juna. To ai mu nan cikinsa muke kwana muke tashi, sunansa arzikin mutane.

Ka tuna wahalar kuɗin nan ta Fabrairun 2023, lokacin canjin naira? Ba ka nan kam. Kuɗinka na banki amma ba ka da ko ɗari biyu a hannu, tiransifa ta ƙi tafiya, layin ATM tun asuba. Mai shagon layinmu a unguwar Jekadafari nan Gombe littafin 'yan makaranta ya ɗauko, kowa ya zo a auna masa shinkafa da mai da magi ya rubuta suna, shafinmu ma sai da ya cika ya juya baya, kusan sati biyar muna ci daga littafin nan ba sa hannu ba shaida, don dai ya san babanmu kuma sahu ɗaya muke sallah. Haka kasuwar Tudun Hatsi, sai ka ga an loda tirelar masara ta yi kudu da kiran waya ɗaya, kuɗi sai kaya sun isa. Ka gaya wa malamin naku ya duba aikin Abner Cohen na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, yadda ake ba mahauta Yarbawa shanu bashi ta hannun maigida da dillalansa. Wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama kasuwa a wurin.

Amma Bala akwai inda abun ke min ciwo, shi na fi son mu tattauna. Wata baiwar Allah ta kama ɗaki a bayan gidanmu, rikicin Borno ne ya koro ta da yara huɗu, mijin ya rasu. Tana suyar awara, mace mai kamun kai, ta nemi shiga adashen matan layin na dubu ɗaya duk Juma'a, uwar adashe ta ce sai ta kawo wanda ya san asalinta. Wa za ta kawo? Na ga sanda ta fito ta gyara ɗaurin goyonta ta wuce ba ta ce uffan ba. Sai da matata ta ce in ta kwasa ta gudu ni zan biya sannan aka sa ta, yau zagaye na uku ke nan ko sau ɗaya ba ta yi fashin zubi ba. Da littafin mai shagon nan ne ma na tabbata sunanta ba zai shiga ba a lokacin.

Haka ƙanena, ya ci jarrabawar ɗaukar aiki a wata ma'aikata, sunansa ya fito a allo, ranar karɓar takarda aka ce an sake lissafi. Wanda ya zo da katin wani babba shi aka ba. Larabawa na ce wa wannan wasɗa, mutanen Sin guanshi, mu kuma mu ce mai uwa a gindin murhu. Kuma sanayyar nan dai da ta ciyar da mu a 2023 ita ce ta kwantar da shi, shi ya sa ban raina kwamfutar nan taku da ba ta tambayar ɗan waye kai ba, ina son irinta a wurin ɗaukar aiki wallahi. Maganar maƙwabci ce dai ban yarda da ita ba.

Akwai mai tahowa wajenku bayan sallah, zan ba shi zannen gado biyu da hula ya kawo maka. Hular ta maƙwabcin ce, ka ƙwanƙwasa masa ƙofa ka miƙa, ka tambayi sunansa ka turo min. Ka kuma kira Kawu ka yi masa gaisuwar rasuwar, sau biyu yana tambayarka.

Naka,
Adamu