Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Jahar Tawa kan shirin gobarar daji

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne da yawun 'yan sa-kai masu kashe gobarar daji a yankin Abalak.

Ranka ya daɗe, shekarar da damina ta yi kyau ita ce ke hana mu barci. Karangiya takan rufe daji tun daga nan har Cintabaraden da Tasara, makiyayi na murna, mu kuwa gabanmu na faɗuwa. Da ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba, ciyawa ta bushe, iskar gabas ta taso, garwashin shayin da aka tashi ba a binne ba ko guntun taba da aka wurgo daga mota ya isa ya cinye abincin da garke zai ci har bazara. Wanda dajinsa ya ƙone tun Oktoba, kafin Afrilu sai ka gan shi a kasuwa yana karyar da shanunsa don ya sayi dusa.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. A share hanyoyin tare wuta, masu faɗin mita 15 zuwa 20, a yanka daji gida-gida, ta yadda in wuta ta iso fili babu ciyawa sai ta tsaya. Amma lokaci shi ne komai. Sau da yawa kuɗin aikin ba ya isowa sai hunturu ya kankama, a lokacin kuwa wuta ta riga ta yi ɓarnarta. Roƙonmu na farko ke nan: a saki kuɗin da wuri, aiki ya fara da ɗaukewar ruwa. Ciyawar da aka share ma ba asara ba ce, a ɗaure ta a adana, da rani kuɗi ce.

Sai maganar kayan aiki, wadda har kunyar faɗa nake ji. Da reshen itace da buhu muke dukan wuta, wasunmu da silifas, ƙasa na ƙona musu tafin ƙafa. Ba motar kashe gobara irin ta birni muke nema ba, yashi ma ba zai bar ta ta iso ba. Manjagara, shebur, takalma masu kauri, jarkokin ruwan sha, da man babur don kai labari ga jami'an gandun daji daga inda waya ba ta kamawa. Wanda kuma ya ƙone a bakin aiki, a yi masa magani kyauta, kada a bar iyalinsa da yawon neman bashi.

Muna roƙo ka tara sarakuna, arɗo-arɗo da masu gidajen rediyon karkara kafin ƙarshen damina, a yi gargaɗin da Hausa da Tamashek da Fulatanci, kuma a sanar da mu ranar da za a fara sharar.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani ɗan sa-kai daga Abalak