Zuwa ga Mama, a karanta mata duka kada a tsallake

Mama ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu, yaya ƙafar, yaya aikin kaka? A gaida Baba da Yaya da matarsa da su Goggo. Yarinyata kuma ki rungume min ita sosai.

Na turo kuɗi jiya da dare, fam 150, ya shiga akawun ɗin Yaya. Yaya kai zaka riƙe, kada a ba Auta ko sisi a hannu. A fara da kuɗin makarantar yarinya, sai maganin hawan jinin Baba na wata biyu, a saya a kemis ɗin da muka saba a Kwoi kada a saya wajen masu talla a kasuwa. Abinda ya rage a cire dubu 20 a sa a ambulan, Mama ce zata kai gaba ranar godiyar kaka.

Toh maganar da ta sa na zauna rubutu kenan. Naji wai kin ce bana ba zaki fita godiya ba, wai me zaki ɗauka ki kai gaban bagadi tunda citta bata koma yadda take ba tun ciwon da ya cinye ta a 2023, kuma wai ana faɗi a zumuntar mata cewa na daina zuwa coci, na rame, kullum ina kuka a Ingila. Mama wa ya gan ni? Gaskiya ne ba kowace Lahadi nake samun sujada ba saboda tsofaffin da muke kula da su basu san Lahadi ba, dole wani ya tashe su ya musu wanka ya basu abinci, kuma aikin awa 12 ne. In ban samu ta safe ba ina zuwa ta yamma, akwai kuma ƴan Filato da Kaduna nan Leeds da muke haɗuwa a gidan wata ƴar'uwa muyi addu'a da Hausa, wani lokaci har da gwaten acca. Ban bar Ubangiji ba, shi ma bai bar ni ba.

Sanyi kam akwai, ƙarfe 4 da ƴan mintoci gari ya yi duhu yanzu, amma akwai hita a ɗaki kuma ina da rigar sanyi mai kauri, kada ki damu. Kullum da asuba ina cikin bas kafin mutane su cika, a nan nake karanta Zabura a waya, kuma na saba kafin in sauka sai na ƙirga abinda zan gode masa a kai. Wani lokaci ba wani babban abu bane, ƙafata bata kumbura ba, ruwan zafi ya zo, ko muryar yarinya da Yaya ya turo a WhatsApp tana haddace ayar makarantar Lahadi. Da wannan nake shiga aiki da dariya har turawan suna tambayata me ke sa ni murna da sassafe haka.

Akwai wata tsohuwa a wurinmu mai ciwon mantuwa, ƴaƴanta ma in sun zo bata gane su. Rannan ina taje mata gashi ina rera ɗaya daga waƙoƙin da kike yi in kina tankaɗe, kawai sai ta kama da turanci, murya ɗaya ba kuskure, har ƙarshe. Ashe irin waƙoƙin da turawan mishan na SIM suka juya mana ne zuwa Hausa. Muka gama ita da turanci ni da Hausa, ta riƙe hannuna taƙi saki. Ranar na yi hawaye amma na daɗi ne Mama, in wannan ne kukan da suke faɗi toh su ci gaba da faɗi.

Abinda ke cina a rai guda ɗaya ne, yarinya. Tun Maris 2024 suka hana masu bizar irin aikinmu kawo iyali, na sani kafin in taso kuma na taso. Ke da ya kamata ki huta ke ce ke mata kitso kina bin ta da kwano. In na tuna bana iya barci. Allah ya saka miki Mama, ni ba zan iya biya ba.

Shi yasa nake roƙon ki ki fita ranar godiya. Manzo Bulus yace mu yi godiya cikin kowane hali, bai ce sai shekarar da citta ta yi kuɗi ba, kuma ke kika koya mana wannan tun muna yara. Masara ta yi, Baba ya tashi daga ciwon nan, ba wanda muka binne bana a gidanmu. Ki ɗaura zanen zumunta ki ɗauki ko tiya ɗaya ta masara da ambulan ɗin ki taka rawarki zuwa gaba, Yaya ya ɗauka min a waya in gani. Nan citta ƴar ƙarama da ake kawowa daga Sin nake saya a kasuwar Kirkgate, ko ƙamshin tamu bata kama ba, kada Baba ya saki gonar.

Auta kai kuma naji labarin cacar ƙwallo da kake yi a waya. Ba don wannan nake tsayuwa awa 12 ba. Ka daina, ka koma kwayar mawaƙa a coci, ka taimaki Baba a gona. Yaya na sake faɗa, kuɗin kada ya bi ta hannunsa, kuma ka turo min hoton rasit ɗin makaranta.

Zan kira ranar Asabar ƙarfe 8 na dare agogonku, an canza namu a ƙarshen Oktoba yanzu kuna gabanmu da awa ɗaya. A caja wayar, kuma kada a bar yarinya tayi barci kafin lokacin.

Taku,
ƴarki