Takardar koke kan irin itatuwan da ake kawo mana dashe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna Rikkos da Gangare muna kawo kukanmu kan dashen itatuwa a bakin rafi. Tun ambaliyar watan Yulin 2012 da ta ci rayuka da gidaje a unguwanninmu, babu mai buƙatar a yi masa wa'azi kan amfanin bishiya a gaɓa. Damuwarmu ita ce inda ake samo irin.

Bara wani ɗan kwangila ya sauke mana dashen maɗaci cikin baƙar leda, shar da su, ganye har sheƙi yake. Matasa suka haƙa ramuka, yara suka yi ta jido da jarka. Da hunturu ya kankama sai ganyen ya naɗe kamar an babbaka, kafin bazara ta ƙare saura sanduna. Da muka matsa wa direban da tambaya, ya ce daga kudu ya ɗauko su. Wace bishiya ce ta haifi 'ya'yan, a wane gari, ba wanda ya sani.

Suna ɗaya ba ya sa hali ya zama ɗaya. Maɗacin da kakanninsa suka tashi cikin laima da zafi daban yake da wanda ya saba da sanyin Disamba a tudun da ya kai kusan mita 1,200. Masana gandun daji sun daɗe da sanin haka. A gwajin da aka yi a Afaka kusa da Kaduna, itacen turaren da aka samo irinsa daga Petford a arewacin Ostareliya ya tsere wa sauran 'yan uwansa, alhali duk turare ne.

Sai dai ba mu ce a tsaya ga irin gida kaɗai ba. Ɗorawar da aka dasa bana jikokinmu ne za su sha inuwarta, kuma Jos ɗin da muka tashi muka sani, wadda ake kwana da bargo biyu, tana sauyawa. Damina ma ta koyi yanke ƙafa bayan shuka. Don haka muna roƙon kaso mafi yawa ya fito daga iyayen itatuwan nan tudu, a gauraya da kaɗan daga gangaren wajen Toro inda zafi ya fi, a dasa su layi dabam, shekaru su nuna wanda ya jure.

Muna kuma roƙon kada a karɓi dashe sai da takardar da ta faɗi garin da aka tsinci irin da shekarar. A tsinto daga itatuwa ashirin ko fiye masu tazara, ba uwa ɗaya ba don ita ce kusa da titi. Ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a cikin garin nan tun 1958, a nemi shawararta. A tuna da atili da tsamiya da ɗinya, kada turare ya cinye fili. Dashe kuma ya iso a watan Yuni, ba Satumba ba.

Mu kuwa mun ɗauki nauyin tsintar iri, ban ruwa da shinge saboda awaki. Muna jiran ranar da za a kira wakilanmu.

Allah ya ja zamaninka.

Dattawa, mata da matasan Rikkos da Gangare, Jos.