Rahoton Kwamitin Gyaran Tafki Kan Kwashe Kainuwa da Gina Mashigar Ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kifi a tafki da masu lambun da ke sha daga gare shi. Aikin da kuka ɗora wa kwamiti ya kammala. Mun jinkirta rahoton ne har damina ta gwada ginin.

Tafkin yana da tsawon mita 60 da faɗin mita 40. Lokacin da aka fara aiki, ciyawa ta rufe fiye da kashi uku cikin huɗu na fuskar ruwan, kuma iri biyu ce. Akwai kainuwar da kowa ya sani, mai ganye kamar latas da saiwa kamar gashi. Sai baƙuwar, mai kumburarren kara da fure shunayya, wadda asalinta Kudancin Amurka ne. Ta ɓulla a ruwan Badagry da ke jihar Legas a 1984, daga baya ta kai tafkin Kainji. Dukansu ta gefe suke fitar da 'ya'ya, kuma baƙuwar tana iya ninka kanta cikin mako biyu, irinta kuma yana shekara ashirin a laka bai mutu ba. Illarsu a fili take: suna tare rana, matattun ganyensu suna ruɓewa a ƙasa su cinye iskar da kifi ke shaƙa, saiwarsu kuma ta zama gidan tsutsar sauro da katantanwa mai yaɗa tsargiya.

An kawo shawarar feshi, kwamiti bai amince ba. Ciyawar da aka fesa ba ta barin tafki, nitsewa take ta ruɓe gaba ɗaya a lokaci guda, kuma karfasa ce ke fara mutuwa. Ga shi maganin kashe ciyawa na 2,4-D yana nannaɗe ganyen tumatir, alhali da ruwan nan ake ban ruwa, dabbobi ma shi suke sha.

An yi kwasar a ƙarshen hunturu, ruwa ya ja baya, iskar arewa maso gabas kuma ta tara ciyawar a kusurwar kudu maso yamma, can aka kafa wurin fitarwa. An ɗaura gora a jikin igiya mai tsawon mita 45, aka rataya jarkoki duk bayan mita biyu don ta yi yawo a saman ruwa. Mutum huɗu suna janta daga gaɓa biyu, tana tattaro ciyawar kamar koma, shida suna kwasa da manjagara, biyu suna tura baro. Kowa da dogon takalmin roba da safar hannu saboda tsargiya. An raba tafkin kashi uku, kowane kashi kwana uku.

Rabawar ba ta hana matsala ba. A kwana na huɗu da asuba an tarar da kifi ya taso yana haki a saman ruwa, domin masu shiga sun dama laka da yawa. Aka dakata kwana biyu, aka kunna injin ban ruwa yana ja yana watsowa cikin tafkin daga ƙarfe huɗu na asuba har hantsi. Daga nan aka hana shiga ruwan da ya wuce gwiwa.

Abin da aka kwaso kusan duk ruwa ne, wajen kashi 95 cikin ɗari, don haka ana barinsa kwana ɗaya a gaɓa ya tsane, sannan a kai shi tudu, mita 30 daga bakin ruwa. Wani tsibi da aka mance a gaɓar gabas, ruwan farko ya mayar da shi ciki, ya jawo kwasar kwana biyu. Wadda ta riga ta yi fure an busar an ƙone saboda irinta. Sauran an tara ta da kashin shanu ana juyawa duk mako biyu. Takin na itatuwa ne kawai, kada a kai shi kan ganye, domin ciyawar nan tana zuƙe dattin da ke cikin ruwan kwata.

Ana cewa kainuwa dashen Allah, amma ta tafkinmu ruwan kwata da na turken shanu ne ke ciyar da ita. Shi ya sa mafi yawan kuɗin ya tafi a kan ginin mashiga. An karkatar da lambatun turken zuwa ramin da ke bayan lambu. A bakin tafki an gina ramin tara laka, tsawo mita uku, faɗi ɗaya da rabi, zurfi mita ɗaya, da bulo inci tara cike da kankare. Daɓen ƙasa kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, an yi filasta ciki da waje, aka yi ta ba shi ruwa har kwana bakwai.

Ragar farko da aka sa a mashiga don tace shara kuskure ce. Idonta ya yi ƙanƙanta, leda da kara suka toshe ta a ruwan sama na biyu, ruwa ya haura ya zaizaye gaɓa kusan mita biyu. An cike wurin da jar ƙasa ana daddaɓewa hawa-hawa, aka jera dutse, aka dasa jema. Mai walda ya sake yin matata biyu: ta gaba da rodi mai tazarar santimita biyar don tare manyan shara, ta baya raga mai ido santimita ɗaya, kowacce a cikin kwarmi yadda mutum ɗaya zai zare ya wanke. An sa irin wannan raga a mafita, don kada mu tura wa na ƙasa da mu abin da muka kwashe.

Ciyawar ta sake tsirowa daga irin da ke cikin laka, musamman a gefen da ba zurfi, kuma za ta ci gaba da yin haka shekaru. An tsara mutum biyu su zaga da ragar hannu kowace Asabar, yanzu abin da suke samu bai cika bokiti biyu ba. Za a yashe ramin laka kafin damina da bayanta. Komar da aka yi su da ita a wani ruwa sai ta yi kwana biyu a rana kafin ta shiga tafkin. Lissafin kuɗi da rasitai suna hannun ma'aji, za a karanta su a taron wata.