Ciwon hanta nau'in C yana warkewa, a daina tsorata masu shi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ka ba mu fili mu yi magana da waɗanda aka ce musu suna da ciwon hanta nau'in C, musamman a wajen ba da jini, suka koma gida hankali a tashe.

Gwajin farko yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da cutar ne kawai. Kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kore ta da kansa. Sai an yi gwajin HCV RNA, wato gwajin jini da ke neman ƙwayar cutar kanta, za a tabbatar tana nan. Kada a sayi magani kafin wannan.

Idan ta tabbata, a nemi likitan hanta, kamar a Asibitin Koyarwa na Shika. Zai duba lafiyar hanta da ƙoda, ya gwada HIV da nau'in B, domin B kan farfaɗo ana tsakiyar shan maganin C. Yawanci ana ba da sofosbuvir miligiram 400 da daclatasvir miligiram 60 kullum har mako 12, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 suna warkewa. Abin da ke ba mu takaici shi ne a sayi na wata ɗaya, kuɗi ya yanke, a tsaya. A tanadi na wata ukun tukuna. Mai shan rifampicin na tarin fuka ko carbamazepine na farfaɗiya ya faɗa wa likita, suna karya ƙarfin maganin. A bar jiƙe-jiƙe.

Mako 12 bayan gamawa a sake gwajin RNA. Babu allurar rigakafin nau'in C, kuma ana iya sake kamuwa ta askar wanzami, ƙaho ko rezar yankan farce. Cin tuwo kwano ɗaya ba ya yaɗa ta.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Tudun Wada, Zariya