Zuwa ga aminina, kan kurajen aski da leza

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka gaida Hajiya, ka ce mata har yau ban saba da sanyin Manchester ba.

Na ga hoton wuyanka. Wallahi sai da na yi dariya kafin tausayi ya zo, don nawa ma haka yake sak shekara uku da suka wuce. Ka daina zargin askar wanzami. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka kwashe shi ƙwal sai ya lanƙwaso ya soki fata, jiki ya ɗauke shi tamkar ƙaya, wurin ya kumbura ya bar baƙin tabo.

Ka tambaya ko leza ta yi mini amfani. Ta yi, amma tsaya tukuna kafin ka kai kuɗinka shagon da ka gani a Instagram.

Leza haske ne mai ƙarfi wanda baƙin gashi ke sha, ya koma zafi ya ƙone tushen. Wasu likitoci biyu a Amurka, Rox Anderson da John Parrish, su suka bayyana dabarar a 1983. Inda gizo ke saƙar shi ne, sinadarin da ya baƙanta gashi, wato melanin, shi ne fal a fatarmu, hasken kuwa ba ruwansa da wanne ne gashi wanne ne fata. Na'urar da ake kira alexandrite tana yi wa Turawa kyau, amma mu tana iya barinmu da ƙuna ko dabbare-dabbare. Wadda ta fi dacewa da baƙar fata ita ce Nd:YAG mai lamba 1064, don haskenta yana ratsa saman fata ya isa can ƙasa inda tushen yake. Rubuta sunan a takarda. In ka tambaye su suka fara inda-inda, ɗauki hularka.

Likitar fatar da ta duba ni ba ta yi gaggawa ba. Ɗan wuri ta fara gwadawa a ƙasan muƙamuƙi, muka jira mako biyu mu ga yadda fata za ta yi. Daga nan na je sau shida, ana barin wajen mako biyar tsakani, saboda gashin da ke kan tsirowa kaɗai hasken ke kamawa. Ana rufe maka ido da tabarau na musamman. Zafin kamar a ɗana maka roba ne, warin kuwa sai ka rantse babbakar kan rago ake yi ranar Sallah.

Kada ka ji tsoro, gemuna yana nan, wuya kawai aka yi. Kuma furfura ba ta jin leza, tunda babu baƙin da zai sha hasken, ga shi na hango 'yan tsilli-tsilli a hoton naka!

Ka faɗa wa likita tabon ƙeyarka da ya kumbura, da duk man da kake shafawa. Kafin nan ka bar reza wata guda, ka riƙa rage gashin da kilifa. Wasu da hakan kawai suke samun sauƙi, kuɗinsu ya huta.

Ka turo mini hoton na'urar kafin ka biya ko sisi. In an samu mai zuwa, a sako mini yaji da kuka.

Naka har kullum,
Amininka